Ranar da Na Yi wa Malam Habu Ƙaho

Har gobe ban manta da ranar da na yi wa Malam Habu ƙaho ba, kuma wautar tawa ce ni kaɗai: fim ɗaya na sa a kyamara sau biyu.

Ku da kuka shigo shagon Baba Istifanus bana, ku buɗe kunne. Sabon fim yana zuwa da ɗan harshe a waje. In ka gama ɗauka, sai ka naɗe shi har harshen ya shige gwangwaninsa. Ta haka ake gane wanda ya ci da wanda bai ci ba. Baba ya faɗa mini wannan har kunnuwana suka yi kanta. Amma ni a 1996 burina ɗaya ne: in rataya kyamara a wuya in ratsa Gumel, 'yan ajinmu na bina kamar na ɗauko gwamna.

Aikin farko da aka tura ni ni kaɗai shi ne walimar ritayar Malam Habu, malamin dabbobi a Sule Tankarkar. Na hau benci, na kwanta a ƙasa, na ɗauke shi ta gaba da ta gefe. Ina cikin naɗe fim aka fara rabon shinkafa. Na ciro shi da harshensa a waje, na jefa jaka.

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, wani makiyayi mai suna Jauro ya ce in yi masa hoton ban kwana da farin bijiminsa kafin ya sayar. Na laluba jaka, na ji harshe, na cusa. Na ƙarasa sauran a kan raƙuma.

Da hotuna suka dawo daga wanki a Kano, Baba ya daɗe yana kallo.

"Sagiru, zo nan, ɗana. Wannan mutum ne ko sa?"

"Baba, ya danganta da inda ka fara kallo."

Ga Malam cikin babbar riga, ƙahoni biyu sun huda hularsa. A wani kuma shugaban ma'aikata na miƙa wa gindin raƙumi takardar yabo, yana murmushi.

Baba ya zare kyamarar daga wuyana. "Da hannunka za ka kai wa Malam Habu. In ya yafe, ka dawo. In bai yafe ba, gonar babanka na nan a Gagarawa." Sannan ya jawo wani tsohon akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, wanda ya zo da shi daga garinsu tun yana saurayi, ya nuna mini yadda ake aiki da shi. "Ka sake ɗaukarsa da wannan. Ɗaya-ɗaya yake ci, sai ka yi da gaske kafin ka haɗa mutum da dabba."

A mota wata tsohuwa ta tambaye ni ko injin taliya ne. Na ce e, don ban da ƙarfin bayani.

Malam Habu ya duba hotunan a zaurensa.

"Duk shekarun da na yi ina yi wa shanu allura, ba wanda ya taɓa hawa kaina sai a hannunka, ja'irin yaro!"

Ya miƙa hannu wajen sandarsa, ni kuma na fara auna faɗin ƙofa. Sai idonsa ya faɗa kan akwatin.

"Kai, wannan ba na Istifanus ba ne? Da shi ya ɗauke ni lokacin da zan kama aiki! Yana kamarka, kansa na rawa. Ya fito da ni ba kunnen hagu, da hoton aka yi ta biyana albashi har na tsufa."

Ya ture ni, ya cusa kai cikin baƙin ƙyallen. A gilashin ciki komai juye yake fitowa, sai ga jikokinsa ƙafafu a sama. Ya ƙwala ihu: "Ku zo ku ga Ladidi tana tafiya da ka!" Kafin ka ce me, samarin unguwa sun yi layi, kowa na roƙon leƙawa. Dattijon nan ya zama ɗan sandan layi, kuma shi ne mai yawan satar shiga. Da ƙyar na zaunar da shi na ɗauka, na ƙirga kunnuwansa kafin in tafi.

Abin da na koya shi ne, duk mai hoton da kuka gani da furfura ya taɓa yanke wa wani kunne. Sannan a naɗe fim kafin a ji ƙamshin shinkafa.

Baba ya ce zancen kunne ƙarya ne, Malam ne ya motsa. Bai kore ni ba, amma sai bayan babbar salla ya maido mini da kyamarar. Jauro ya karɓi nasa, ya ce ai ya san mutumin, shi ya yi wa bijimin allura. Hoton kirkin yana ɗakin matar Malam. Mai ƙahon shi ne a zaure.