Tauraron Baba Rafa

Jama'a, wannan abu da zan ba ku labari wallahi ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba. Lokacin ina aiki a wani kamfanin katako a Birnin Masana'antu na Biyu, can Riyad, muna yi wa manyan gidaje silin mai ado.

Babban masassaƙinmu wani dattijo ne, Baba Rafa, mutumin Kito ta ƙasar Ekwado. Kirista ne, Larabcinsa ya karye nawa ya karye, amma dai muna fahimtar juna. Kullum in mun zauna shan shayi sai ya ciro waya ya nuna mini wata tsohuwar coci ta garinsu, wadda aka gina tun zamanin mulkin Turawan Sifen. Ni da na ga silin ɗinta, na rantse masallaci ne, taurarin katako sarƙe da juna. Ya ce shi da mahaifinsa suka gyara ta bayan girgizar ƙasa, saura gurbin tauraro ɗaya tak mahaifin ya rasu, talauci kuma ya koro shi Riyad.

A nan ya sassaƙa tauraron, burinsa ke nan a duniya, ya je ya sa shi da hannunsa. Har ya taɓa ba ni in gwada sassaƙar, ni kuwa hannun noma, na goce na yi masa ɗan tabo a gefe. Dariya kawai ya yi, ya ce, "Bar shi, ɗana, yanzu kai ma kana ciki."

To, kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya ɗauko mu aiki, ya hana shi bizar fita, wai sai an gama aikin wani gida. An gama wannan, wani aikin ya zo. Haka har ciwo ya kwantar da shi a asibiti wajen Shumaisi, ya ba ni ajiyar tauraron.

Wata rana bayan azahar ina bakin sito, rana tana dukan ƙasa, sai ga Baba Rafa da kayan aikinsa, ƙamshin katako na tashi daga jikinsa. Na ce, "Baba, an sallame ka?" Ya ce, "An sallame ni. Ba ni ajiyata, gida za ni." Na ɗauko na ba shi, ina ta murna har da tsokanarsa ya aiko mini da tsaraba.

Da la'asar kafil ya shigo ya ce asibiti sun kira, tsoho ya rasu tun da safe. Na ruga ɗaki. Na buɗe akwatina, babu tauraro.

Bayan 'yan makonni 'yarsa, wadda muka saba gaisawa a wayarsa, ta turo mini hoto tana tambaya ko ta hannun wa muka aiko da tauraron, don masu sharar cocin sun ɗaga kai sun ga gurbin ya cike, kuma ba wanda ya kafa tsani. Na buɗe hoton sosai. Ga tabona nan a gefe.

Na yi kuka kamar ubana ne ya mutu, don a lokacin gawarsa ma tana can Riyad tana jiran takardu. Har yau ban san wa na miƙa wa tauraron nan ba, kuma in na ji ƙamshin sabon katako sai tsikar jikina ta tashi. Ni dai roƙona, in akwai wani a ƙarƙashinku da ya ce gida yake so, ku bar shi ya tafi da ƙafarsa.