Durƙuson Ɗalibata

Shekara huɗu ina faɗa da wata ɗalibata a kan durƙuso. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Kwali, iyayenta manoman doya. Duk sanda ta shigo ofishina a jami'a, nan Gwagwalada, sai ta zube ƙasa, kome na faɗa ta ce, "To, Ma." Ko cewa na yi rana daga yamma take fitowa, amsar ke nan. Abin yana ƙona min rai. Na sha daka mata tsawa: "Tashi! Nan ba gidan surukai ba ne." A ganina, ranar da ta daina durƙuso, ranar ta girma.

Sai ga ranar kare aikinta na ƙarshe, wanda ta yi a kan yadda ake ajiyar doya a ƙauyukansu. Farfesan da aka gayyato daga wata jami'a an san shi da hali guda. Zai ce wa ɗalibi bincikensa kuskure ne, ya zuba masa ido. Wanda ya ce "haka ne" ya nuna bai san abin da ya rubuta ba, sai ya maimaita shekara. Ni kuwa da na duba aikin, ƙa'ida ta hana in buɗe baki.

Aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, zufa ta jiƙa min mayafi. Farfesa ya rufe kundin, ya ture shi gefe.

"Babi na huɗu shirme ne. Kin yarda?"

Na ga gwiwoyinta suna lanƙwashewa. Na ce a raina, shi ke nan, ta kashe mu. Ta kai ƙasa, kai a sunkuye, daidai yadda na sha hana ta. Na dafe tebur don kada in yi ihu.

"Sa, ka yi haƙuri," ta ce. "Ni ban yarda ba. Rumbunan doyan nan duka, ni da kaina na shiga na auna. A buɗe babin, zan nuna."

Daga durƙushe ta yi ta bayani, ya kawo suka ta mayar masa, har ya jawo kundin ya sake buɗewa.

Da aka sanar ta ci, ta biyo ni ofis ta zube kamar kullum. Na buɗe baki zan ce "tashi", sai na fasa. Na bar ta ta gama gaisuwarta.