Na'urar da Ta Ɗora Baffa a Kan Buhunan Albasa

Ko tsufa ya zo ya kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya ɗauke ranar ɗaurin auren ƙanena. Ko da ma na so mantawa, dangi ba za su bar ni ba, domin har yau in an haɗu wajen suna ko biki sai wani ya tono zancen, a yi dariya har da ƙwalla, ni kuma in taya su don babu yadda zan yi.

A lokacin ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a cikin garin Sakkwato, ina zaune a Unguwar Rogo da iyalina. Ina da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano da nake ji da ita, sai dai tana shan mai kamar raƙumin da ya kwana biyu bai ga rijiya ba. Shekarar nan kuwa kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabo, ga dogon layi a gidajen mai. Albashi kan ƙare tun wata bai raba ba, kuma mafi yawansa a tanki yake tafiya.

Wata rana da la'asar ina wucewa ta bakin kasuwa, sai na ga taro an kewaye wani mutum mai lasifika. Ya buɗe bayan motarsa, ya jera wasu 'yan kwalaye masu ƙyalli. Na tsaya don in ba ido haƙƙinsa kawai. Abin da yake tallatawa wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce girman kwalin ashana ba, ana soka ta a ramin da ake cajin waya a cikin mota. Da ka soka sai wata shuɗiyar fitila ta kama. Ya ce daga ƙasar waje aka kawo ta, tana daidaita wutar mota yadda inji zai riƙa ƙone mai ba tare da ɓarna ba, man da kake sha a mako sai ya yi maka mako biyu.

Ya dube ni ya ce, "Malam, da gani kai mai ilimi ne, ba sai na wahalar da bakina ba. Waɗannan ne sai an yi musu dalla-dalla."

Ai kuwa nan take na ji na fahimci komai. Da zai miƙo mini kwalin, ya sassauta murya ya ce in riƙa tafiya a hankali, kada in taka totur da ƙarfi, kada in kunna sanyin mota, har sai na'urar ta saba da injin.

Da na isa gida na kira uwargida ta fito ta gani. Ta leƙa ta taga, ta kalli shuɗiyar fitilar, ta ce, "To Malam, in har tana wannan aikin, me ya hana masu ƙera motar su sa ta tun daga can?"

Na ce mata ai masu sayar da mai ne ba sa so duniya ta sani. Ta ce Allah ya sa albarka, ta koma kan girkinta. Na bi ta da kallon tausayi, irin wanda ake yi wa wanda zamani ya bari a baya.

Abin mamaki, sai ga mai ya fara daɗewa. Allurar mai da a da take faɗuwa kamar an jefa dutse a rijiya, yanzu sai ta yi kwanaki a wuri ɗaya. Ban tsaya na tuna cewa tafiyar hawainiya nake yi a titi ba, gilashi a sauke, gumi yana bin bayana. Ban kuma tuna cewa a makon da na sayi na'urar aka ba da hutun makaranta ba, motar tana wuni a gindin dogon yaro, ba ta zuwa ko'ina sai masallacin Juma'a. Duk ladan na tattara na bai wa shuɗiyar fitila. A majalisarmu kuwa na zama injiniya. Ni da ban san inda ake zuba ruwan batir ba, sai ga ni ina zana yadda wuta ke zagayawa a cikin inji da tsinke a ƙasa. Har abokaina biyu suka je suka sayi tasu.

Ana cikin haka aka sa ranar auren ƙanena. Amaryar 'yar wani ƙauye ce a hanyar Wurno, kuma mahaifinta dattijo ne mai tsauri. Da ƙyar ya yarda da auren, don yana ganin 'yan birni ba su da alƙawari. Ya ce da hantsi za a ɗaura, kafin rana ta yi zafi, domin limaminsu yana da wata tafiya a ranar. Wakilin ango kuwa Baffanmu ne, ƙanen mahaifinmu marigayi, wanda in ba shi babu mai karɓar auren.

Da safe motoci suka cika ƙofar gidan Baffa a Ƙofar Atiku. Wani ɗan uwanmu ya ce Baffa ya shiga tasa mai sanyi. Na yi tsalle na dire, na ce ni ne babban wan ango, ni zan ɗauki Baffa. Sauran suka yi gaba, muka tsaya jiran ya gama shiri. Ya fito cikin farar babbar riga ta shadda wadda ta sha bugu, ƙamshin turare yana tashi.

Muna gab da fita gari muka zo wani gidan mai, layi ya miƙe har titi. Baffa ya karkato kai ya dubi gabana.

Ya ce, "Ba ka tsayawa mu sha mai? Na ga wagga allura ta kwanta."

Na yi murmushi, na nuna masa na'urar da yatsa. Na ce, "Baffa, wanga ɗan abin da kake gani, in allura ta kwanta ma yanzu aka fara tafiya. Sai mu je mu dawo a kan haka."

Ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce, "Awo?" Ya ci gaba da jan carbinsa.

Mun bar gari a baya, gonaki sun buɗe dama da hagu, sai motar ta yi wani ɗan tari. Na ce a raina ƙila na'urar ce take canza aiki. Ta sake yi, ta fizga, ta fizga, sannan ta yi shiru. Da ƙyar na gangara da ita gefen hanya. Na murɗa makulli, ta yi kuka ta ƙi tashi. Na sake murɗawa. Abin da ya fi ba ni haushi, fitilar nan tana nan tana haske abinta.

Baffa ya ce, "To, malamin makaranta, gaya ma abin naka shi tashe ta mana."

Na fita na buɗe bonet, na tsaya ina kallon inji kamar na san abin da nake nema. Zafin bazarar Sakkwato kuwa ba sai an faɗa wa kowa ba. Babu inuwa, babu gida kusa. Sai ga wayar ƙanena. Ya ce tabarmi sun cika, liman yana ta duban hanya, mahaifin amarya kuma ya ce dama abin da ya faɗa ke nan, in liman ya tashi to sai dai kuma wani jiƙon. A nan ne wasa ya fita daga raina. Yaron nan ya yi shekaru yana neman yarinyar, ga shi ni da hannuna zan rushe masa.

Motoci suna wucewa a cike, ina ɗaga hannu ba mai tsayawa. Can sai ga wata a-kori-kura ta ɗauko buhunan albasa. Na shiga tsakiyar titi na tsare ta. Direban ya ce ta bakin ƙauyen zai wuce, amma gaba akwai mata biyu da goyo. Matan suka yunƙura za su sauka, Baffa ya ce kada wadda ta motsa, shi ba zai sa mai jego ta hau rana saboda shi ba. Ya naɗe hannun rigarsa a kafaɗa, ya miƙo mini takalmansa, ni da direba muka tallafa shi ya hau saman buhuna. Ya zauna daram, ya dafe hularsa da hannu ɗaya. Na miƙa masa takalman, direba ya ja mota. Na tsaya ina kallon farar rigar nan tana kaɗawa har motar ta ɓace.

Ni kuwa na kulle mota na kama tafiya a ƙasa da tsohon galan, har na samu wani ɗan bumburutu a gindin bishiya, ya sayar mini da mai a farashin da ya ga dama. Kafin in koma in zuba a mota in isa ƙauyen, an shafa fatiha, an raba goro, har an fara naɗe tabarmi. Ɗaurin auren ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, ban gani ba.

Daga baya aka ba ni labari. Liman ya riga ya sa takalmi lokacin da motar albasa ta tsaya, aka sauko da wakilin ango, ɓawon albasa a hula da kafaɗa. Mahaifin amarya ya haɗe rai ya tambayi dalili. Baffa bai ɓoye komai ba, ya ce, "Ɗanmu na, mai ilimin cikinmu, ya samo fitilar da ka tuƙa mota ba da mai ba." Aka fashe da dariya, har shi dattijon. Ya ce mutumin da ya hau albasa don kada ya saɓa alƙawari, ya cancanci a ba ɗansa mata. Ina shiga sai kowa ya juyo, wani tsoho ya tambaye ni ko na zo da fitilar, yana so ya gwada a jakinsa.

Washegari na sa sukundireba na ɓalle na'urar a tsakar gida. Babu komai a ciki sai ɗan ƙwan fitila, da siririyar waya, da wani guntun ƙarfe da aka liƙa don ta yi nauyi a hannu. Na kai majalisa na baje a gaban abokaina biyu. Ɗaya ya cire tasa ya jefar. Ɗayan ya juya guntayen a tafinsa, ya ce ƙila ni jabu aka ba ni, tasa tana aiki. Ban yi masa gardama ba, don na san wurin da yake tsaye, jiya-jiya na baro shi.

Abin da na koya shi ne, mota ba ta san wayo ba. In ana so mai ya daɗe, sai a rage gudu, a duba iskar taya, a gyara inji a kan kari, a kuma bar yawon da ba dole ba. Ban da wannan, babu wani ɗan kwali da zai yi maka. Amma babban darasin ba na mota ba ne. Mai lasifikar nan sau ɗaya ya ruɗe ni, na 'yan mintoci. Sauran makonnin duk ni na karɓi aikin daga hannunsa, ina ruɗin kaina kyauta, saboda ina matuƙar son abin ya zama gaskiya. Shi ya sa yanzu duk maganar da na ji ta yi mini daɗi fiye da kima, ita nake fara tuhuma.