Izinin Ƙetare Iyaka

Ban taɓa mantawa da wata Talata cikin damina ba, lokacin ina saja a sashen sadarwa a barikin Tamale. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun tarar da abubuwa sun daidaita, shi ya sa nake so ku ji yadda muka fara.

A lokacin ƙasashen yankinmu sun ƙulla yarjejeniyar tsaron iyaka tare. Aka buɗe ɗaki guda a barikinmu, kowace ƙasa ta turo hafsa ɗaya ya zauna da mu. Ƙa'idar ita ce sojan wata ƙasa ba zai taka ƙasar wani da makami ba sai hedkwatocin biyu sun yarda. Hafsan zai sanar da manyansa, su tuntuɓi namu, sannan amsa ta sauko mana. Aikina shi ne riƙe rediyo da rubuta duk saƙon da ya shiga ko ya fita.

Ran nan na taso daga unguwar Kaladan a kan babur, ruwa ya jiƙa ni sharkaf. Ko takalmi ban gama gogewa ba rediyo ta ɗauka. Wani ne ke ihu da Faransanci. Kyaftin Idrisa, hafsan maƙwabtanmu na arewa, ya miƙe tsaye. Turancinsa kaɗan ne, tafintanmu kuma ya kai matarsa asibiti. Da ƙyar muka gane cewa an yi wa sojojinsu kwanton ɓauna kusa da iyaka, uku sun ji rauni, hanyar komawa gida ta yanke. Asibitin da ya fi kusa yana ɓangarenmu.

Kanar Fuseini, shugaban ɗakin, ya tura neman izini nan take. Amma akwai wani abin. Yaranmu da ke bakin iyaka suna da umarnin harbin duk motar da ta ƙetaro da makamai, don maharan kan sa kakin soja su yi shigar burtu.

"Saja Memunatu," in ji Kanar, "wa ya tabbatar mini waɗannan sojoji ne?"

Na ƙara kasa kunne ga rediyon. Sai na ji wata murya a bayan mai ihun tana cewa, "Danne wurin, danne da ƙarfi, jinin bai tsaya ba!" Hausa ce tsantsa.

Na ce, "Sa, a ba ni dama in yi musu Hausa."

Ya ce, "Yoo, yi."

Na danna na ce, "Mai Hausa, karɓi rediyon nan. Wane ne kai?"

"Kofur Hamidu ne, direba. Hajiya, don Allah ku buɗe mana. Yaron nan zai tafi."

Ashe Kyaftin Idrisa ma yana jin Hausa, a kasuwar garinsu ya koya. Wata biyu muna ɗaki ɗaya muna fama da nuni da hannu da ka, ba wanda ya taɓa tambayar wani. Ya karɓi rediyon ya tambayi Hamidu sunan mai dafa musu abinci a sansani, da laƙabin da suke kiran kwamandansu a ɓoye. Da ya ji amsa ya juyo ya ce, "Kanar, namu ne. Na ɗauka a wuyana."

Izini dai shiru. Kanar ya buɗe yarjejeniyar yana bi da yatsa, can ya ɗago. "An hana soja da makami. Ba a hana majinyaci ba. Su ajiye bindigogi su shigo."

Laftanar ɗin da ke jagorantar su ya ƙi. Ya ce maharan ba su yi nisa ba, ba zai bar yaransa tsirara a daji ba. Gaskiyarsa ce, mu ma da tamu. Muka yi ta ja, ni ina juya magana daga Hausa zuwa Turanci, Hamidu yana juya ta zuwa Faransanci. A ƙarshe aka tsaya a kan mota ɗaya, da direba da masu rauni, ba ko harsashi, sauran su tsaya a ɓangarensu da makamansu. Wannan jayayyar ta ci kusan minti arba'in. Ni na rubuta lokacin da hannuna.

Biyu sun rayu. Na ukun, Sule, ya cika a ƙofar asibiti. Izinin ya iso bayan la'asar.

Na daɗe ina tambayar kaina ko da mun gajarta maganar da ya rayu. Da na tambayi likita, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Sai kuma aka rasa yadda za a mayar da gawar, don yarjejeniyar ba ta faɗi komai a kan mamaci ba. Mutanen zango, unguwar Hausawan garin da asibitin yake, su ne suka je wurin hukuma suka roƙa. Suka yi masa wanka da sutura, suka sallace shi, suka ɗauke shi a kafaɗa har bakin iyaka, abokan aikinsa suka karɓa daga hannunsu.

Abin da na koya shi ne, manya suna sa hannu a takarda da kyakkyawar niyya, amma ba sa iya hango kowace rana. Ranar da takarda ta yi shiru, abin da ya rage shi ne ko kun san juna. Don haka duk baƙon hafsan da aka kawo muku, kada ku jira sai rediyo ta yi ihu. Tun ranar farko ku zauna ku ci tuwo tare, ku tambaye shi wane harshe yake ji.