Da Lasin Ingila Zuwa Aujara

Dutse

Muna idar da sallar asuba a Takur muka shiga mota, ni da Abba. Abba jikan yayana ne, Malam na Aujara, kuma sunan Malam ɗin ya ci. A Ingila aka haife shi, can mahaifinsa ya rasu, har ga shi yau da 'ya'ya biyu bai taɓa ganin kakan nasa ba sai a waya. Ranar da ya sauka gidana aka bugo daga Aujara cewa Malam ya daina karɓar ko kunu, tambaya kawai yake ko takwaransa ya iso.

Ni an yi mini aikin ido, likita ya hana ni tuƙi. Direbana ya tafi biki Gumel. Abba ya ce shi zai ja mu. Na ce ya nuna mini lasinsa. Ya zaro wani kati ruwan hoda, da ɗan littafin izinin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Na juya su a hannu, hankalina bai kwanta ba. Na yi tuƙi a Jidda da Khartum da Yamai da lasin gida, na san yadda katin baƙo yake tsayar da tafiya.

A shataletalen farko ya nufi hagu gadan-gadan. Na daka masa tsawa, ya murɗo.

"Bature, nan dama ake bi."

"Na sani, Alhaji. Hannuna ne bai sani ba."

Gaskiyarsa. Duk sanda zai sauya giya sai hagunsa ta kai wa murfin ƙofa duka, don a can ita ce ke wannan aikin. Na riƙe carbi a hannu ɗaya, waya a ɗayan, ina tsoron ta yi ƙara.

Shuwarin

Ranar kasuwa muka tarar. Rana ba ta gama fitowa ba amma motocin hatsi da na awaki sun cushe bakin titi. Muka kutsa da kyar. Gaba kaɗan da gari sai ga shinge, an gicciya katako mai ƙusoshi. Wani jami'i dogo, mai furfura a gefen kunne, ya ɗaga mana hannu.

Kafin in buɗe baki Abba ya sauke gilashi, ya zura katinsa waje da hannun hagu, idonsa na kan titi, bai ce uffan ba. A ƙasar da ya tashi, wannan shi ne ladabi: kada ka ɓata wa ma'aikaci lokaci. Direbobinmu kuwa, ko da taga na hagunsu, juyowa suke su miƙa da dama, bayan an gaisa.

Jami'in ya dubi hannun, ya dubi Abba. Bai karɓa ba.

"Gyara fakin. Can, ƙarƙashin darbejiya."

Muka koma gefe. Ya ci gaba da sallamar motoci kamar ya manta da mu. Wata a-kori-kura ta wuce, wata bas ta wuce, har mai amalanke. Na fita na sami jami'in, na yi sallama, na tambayi aiki da iyali. Ya amsa mini da girmamawa, har da ɗan rusunawa.

"Baba, ba da kai nake ba. Direbanka nake jira. Kurma ne?"

"Jikana ne. A Turai ya tashi."

"To a Turan da hagu ake ba mutane abu? Kuma wannan katin, ni ban san shi ba. Sai mai gidanmu ya zo ya duba."

"Yaushe zai zo?"

"Wataƙila da hantsi."

Nan waya ta yi ƙara a aljihuna. Na ɗauka. Babbar 'yar Malam ce, ta ce numfashinsa ya sauya, ya sake tambaya, muna ina? Na ce mata muna hanya.

A Yamai na taɓa wuni a irin wannan inuwar saboda na yi wa jandarma gardama da Faransanci. Tun ranar na gane ba hujja ke ɗage katako ba. Na koma mota, na leƙa ta taga.

"Abba, ka zagi mutumin nan."

"Ni? Ban ce komai ba."

"Shi ne zagin. Da hagun. Fito ka gaishe shi kamar yadda za ka gai da ƙanin ubanka."

Fuskarsa ta canza. Ya fito, ya haɗa katin da littafin a hannun dama, ya tallafe da ɗayan. Ya isa gaban jami'in ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, abin da ko ni ban ce ya yi ba.

"Ranka ya daɗe, ina kwana? Ina gajiya? Yaya… yaya shanu?"

Gaisuwar da ya ji mahaifinsa yana yi wa mutanen ƙauye a waya ce ya kwaso duka. Wata mai ƙosai a gefe ta tuntsire da dariya. Jami'in ya cije leɓe, bai iya riƙewa ba.

"Shanu lafiya lau. Tashi, tashi." Ya karɓi littafin, ya buɗe, ya gwada hoto da fuska. "Ai takardunka sun cika. Ina za ku da sassafe haka?"

"Kakana ba lafiya. Ban taɓa ganinsa ba."

Da ƙafarsa jami'in ya ja katakon.

Andaza zuwa Aujara

A Andaza muka saki babban titi muka yi arewa. Gero ya yi kai dama da hagu. Ban bar Abba ya yi gudu ba, ban kuma bar shi ya yi sanyi ba, ni kaina na san na dame shi. Da muka ga ɗanyen ganye zube a kan kwalta na ce ya rage, alama ce mota ta lalace a gaba. Ya ce a can alwatika mai ƙyalli ake ajiyewa. Na ce a nan a kan bishiya take tsirowa. Ba wanda ya yi dariya a cikinmu.

Tun daga nesa nake ƙirga takalman ƙofar zaure da idon da ya rage mini. Ba su da yawa. Ba a shimfiɗa tabarmi a waje ba. Sai a lokacin na saki carbin.

Malam na kwance, idanunsa sun daɗe da rufewa. Na ce, "Yaya, ga shi na kawo maka." Ya ɗago tafinsa yana lalube a iska. Abba na tsaye ta hagun gadon, na ga hagunsa ta motsa, sai ya mayar da ita. Ya zagayo, ya durƙusa, ya sa damansa a cikin na Malam.

"Takwara," in ji Malam, da kyar ake ji. "Ka yi latti. Wa ya tsare ka?"

"Gaisuwa na tsaya koyo, Malam."

Bai saki hannun ba har azahar. Ya sha kunu cokali kaɗan daga wannan hannun.

Gida

Bayan la'asar na biyo motar haya na dawo Dutse don ɗigon maganin idona. Abba ya ce ba inda za shi. A shingen Shuwarin jami'in nan ya gane ni, ya leƙo ya ce, "Baba, kun same shi?" Na ce mun same shi. Ya ce Allah ya ba shi lafiya.

Na shiga Takur ana kiran magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu a kan lokaci, ya dawo da ni ɗakina lafiya.