Tulun da Goggo Sau-ying ta zubar

Shekara arba'in da ɗaya Goggo Sau-ying ta yi tana binne kifi a gishiri a bakin ruwanmu. A cikin kwale-kwale aka haife ta, da kunun shinkafa mai ɓarɓashin kifin gishiri aka yaye ta, kamar kowa a cikinmu. Ba ta san sikeli ba. Lasa kawai take yi ta ce saura kwana uku, kuma haka za a tarar.

Da kunnenta na hagu ya toshe, hanci ya fara jini, wata takwas aka yi ana ɗura mata shayin ganye, wai zafin jiki ne. Mijinta, Tsoho Fai, har tsiya yake mata, wai ta kurumce ne don ta huta da mitarsa. Ashe kansa ce, ciwon daji, a bayan hanci.

A asibitin birni aka danne mata kai da murfin roba, aka yi mata gashi da na'ura mai ƙona ciwon sau talatin da uku. Yawu ya ƙafe, harshe ya mutu. Ta komo ba ta bambanta gishiri da yashi, amma an ce ta warke.

Shekara biyu, ciwon ya dawo. Likita ya ce gashin ya kashe ƙwayoyin ciwon masu rauni ne, 'yan kaɗan da suka tsira sun iya ɗinke ɓarnar da aka yi musu, kuma su ne suka hayayyafa.

"Goggo, in mun sake gashin, namanki mai lafiya zai riga su ƙonewa."

Sannan ya tambayi abin da aka yaye ta da shi. Wai ba kifin kaɗai ne ya jawo ciwon ba, amma da hannunsa, musamman a bakin jariri. Sai a ranar aka ga damar faɗa mata, bayan shekara sittin.

A gida akwai tulun kifin gishirin da ta haɗa don yayen jikarta, Siu-lan. Ta rungume shi tana haki, ta nufi bakin ruwa. Tsoho Fai ya tare ta.

"Ke tsohuwa, kifinki mafi kyau ke nan. Da shi aka yaye mu duka."

"Shi ya sa," in ji ta.

Ta juye shi a ruwa, ta dawo ta dama kunu gayansa. Kafin ta kai bakin yarinyar ta ɗanɗana, bisa sabo. Ba ta ji komai ba. Ba ta ga ƙarshen shekarar ba, amma da wannan kunun aka yaye Siu-lan.