Abin da na gani a bututun Malam Isiyaku

Jama'a, wannan ba ji na yi a bakin wani ba, da ni ya faru, Allah ne shaidata. Shekarun baya ne, ina sana'ar fenti a Gwarzo, da kaka ana cirar gyaɗa.

Akwai wani tsohon malamin kimiyya a Kabo, Malam Isiyaku, da ya yi ritaya ya ƙudura sai ya haɗa madubin hangen nesa da hannunsa, wai don duban jinjirin wata. Ya samo ƙaton bututun roba irin na ruwa, ya kira ni in shafe masa cikinsa da baƙin fenti marar sheƙi, irin na allon makaranta, don a cewarsa ko ɗigo ɗaya ya yi ƙyalli haske zai yi ta yawo a ciki ya ɓata gani.

Na ɗaura soso a bakin gora, ina zurawa ina murzawa a tsakar gidansa har bayan azahar. Ku lura, ba a sa masa gilashi ko madubi ba tukuna, bututu ne kawai, bakinsa na kallon katanga. Da na gama sai na ɗora shi kan benci, na kafa ido in duba ko na tsallake wani wuri.

Wallahi ba katanga na gani ba. Gonarmu ta Kutama na gani, ga yayana Sale sunkuye yana cirar gyaɗa shi kaɗai, kuma ina kallo ya miƙe, ya dafe ƙirji, ya zube a kan gwiwoyinsa. In na ɗago kai sai katanga, in na mayar da ido sai Yaya. Na laluɓo waya na kira shi, sai na ga ya waiwaya yana duban rigarsa da ya rataye can a reshe da wayar a aljihu, ya ja jiki kaɗan, ya miƙa hannu, ya kasa. Na kira matarsa, wayar a kashe. Na kira maƙwabcinsa, yana kasuwa.

Na ce, "Malam, don Allah zo ka duba."

Ya leƙa ya daɗe, ya ce, "Ɗana, ni katangata nake gani."

Na sake sa ido, sai Yaya ya ɗago fuska ya dube ni, ni ɗin nan, bakinsa na motsi. Ban san lokacin da na hau babur ba, Kutama kuwa ba nan kusa ba, ina tafe ina salati.

Na tarar wasu makiyaya sun janye shi zuwa inuwa suna masa fifita, da sauran numfashinsa. Ya riƙe hannuna duk baƙin fenti, ya ce a hankali, "Na gan ka kana leƙena. Ina ta kiranka, kai kuma kana ta kallo." Kafin mu kai asibiti ya cika.

Malam Isiyaku ya ƙarasa madubinsa, ya yi ta duban wata da shi, bai taɓa ganin komai ba sai wata. Malaman da na tambaya kowa ya ce Allah ne masani. Ni dai har yau ban samu amsar da zan ba Yaya ba, kuma in na tuno idonsa sai tsigar jikina ta tashi.

Shawarata gare ku, in kuna da babba a gida, kada ku bar shi ya tafi gona shi kaɗai.